Wasiyyar Baturen Wanki

Shekara tara ke nan, a wannan wata na Sha'aban, da muka kai Malam Dauda makwancinsa a Baƙi'a. Hausawan Madina sun fi saninsa da Baturen Wanki. Larabawan unguwar Sultana kuwa Dawud al-Iskotlandi suke ce masa, domin mutumin Sukotlan ne, daga can arewacin Birtaniya. Duk shekara in watan ya kama sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki alƙalami in ajiye. An ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, na kuma yarda. Amma akwai abin da in ya daɗe a ciki yakan fara cin mai shi.

Ni mai haɗa magunguna ne. Daga Katsina na zo Madina aiki, aka ajiye ni a wata saidaliyya, wato shagon magani, da ke bakin titin Sultana. Bango ɗaya ne ya raba mu da shagonsa na wanki da guga, abin da a nan ake kira magasala. Ranar da na fara shiga, babbar rigata ta shadda na kai, saura kwana biyu sunan ɗana na fari, ga wani tabo a gabanta. Na tarar da dogon Bature mai jan gemu a bayan kanta. Na soma kame-kamen Larabci, shi kuwa bai ko dube ni ba. Ya murza wurin tabon da yatsu, ya kai hanci ya sansana, sannan ya ce da ni da Hausa:

"Manja ne. Kuma ka riga ka goga masa ruwan zafi. Wa ya aike ka?"

Dariya ta kama ni har na dafa kanta. Daga wannan rana muka ƙulla abota ta shekara goma sha ɗaya.

Labarin rayuwarsa a gutsure na same shi, yau kaɗan gobe kaɗan, galibi bayan la'asar in ciniki ya lafa muna shan shayi a ƙofar shago. An haife shi a wani ƙaramin garin masunta a bakin teku. Yana da shekara bakwai jirgin ruwan da mahaifinsa yake aiki a ciki ya fita kamun kifi bai dawo ba. Ba a ga gawa ba, ba a haƙa kabari ba. Mahaifiyarsa ta rene shi ita kaɗai da wankin kayan mutane, har fatar hannuwanta ta tsattsage. A wurinta ya koyi sanin yadi. Da ya girma ya koyi irin wankin da ba a sa ruwa, wanda ake zuba wani sinadari mai kaifin wari a inji ya fitar da dauɗa ba tare da ya ɓata tufa ba. Ya buɗe shago, ya ƙara na biyu, ya ƙara na uku. Ya yi aure, aka haifa masa 'ya mace, Morag. Sai manyan kamfanoni suka shigo sana'ar suka danne ƙanana, shagunan suka rufe ɗaya bayan ɗaya, auren ma ya bi su. Bai taɓa ɗora wa matar laifi ba. Yakan ce shi ne a lokacin ya fi sanin hanyar mashaya fiye da hanyar gida.

Wani otal a Jidda ya ɗauke shi ya riƙe masa sashen wanki. A can ya haɗu da mutanenmu, masu guga, waɗansu 'yan Kano, waɗansu daga Nijar da Sudan. Na taɓa tambayarsa wane wa'azi ne ya musuluntar da shi. Ya ce ba wa'azi. Shekara biyu ya yi yana kallon yadda suke kashe dutsen guga in an kira salla, su dawo fuskokinsu a sake, shi kuwa ba shi da wani abu da zai ajiye aiki dominsa. Ya karɓi kalmar shahada a hannunsu. Su ne suka mai da sunansa Dauda, su ne kuma suka nema masa auren Hajiya Rakiya, haifaffiyar Madina wadda kakanninta suka zo aikin hajji a ƙafa ba su koma ba. Da sunan yayanta aka yi takardun shagon Sultana. Allah bai ba su haihuwa ba.

A sana'a ban ga kamarsa ba. Mishla, wato alkyabbar Larabawa mai zaren zinare a wuya, ba ya yarda kowa ya taɓa ta sai shi. Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne guntun icce da taɓare biyu da ya ajiye a bayan shago. Ya ce dutsen guga cin mutuncin shadda ne, bugu take so, kuma shi da kansa ya zauna gaban masu bugu ya koya. Ranar jajiberin salla za ka ji ƙarar bugu tana tashi daga tsakiyar Sultana kamar kana wani lungu a birnin Kano, ka leƙa ka ga Bature ne a zaune ya naɗe ƙafa, gumi na zuba daga gemunsa.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu ba wanda yake kai kaya magasala da ƙafarsa. A waya ake latsawa, mai babur ya zo ya karɓa a ƙofar gida, gobe ya dawo da su cikin leda. Mai wanki bai san fuskar mai riga ba, mai riga bai san hannun da ya taɓa masa tufa ba. Malam Dauda kuwa in ya ga wuyan riga ya san mai ita ya rame, sai ya aika a tambayi lafiyarsa. Ina jin da ya yi tsaki, ya yi gunaguni da harshen garinsu wanda ko Turawa ba duka suke ganewa ba, sannan bayan mako guda ya nemi wanda zai koya masa wayar. Ba mai gaba da zamani ba ne. Shagon nasa yanzu gahawa ake sayarwa a ciki, samari suna zaune da kofunan takarda. Na shiga sau ɗaya. Sun sake fenti, sun sake daɓe, amma can ta wajen bangon baya, inda injin yake a da, na rantse na ji warin sinadarin nan. Na ajiye kofina na fita.

Ina zargin sinadarin nan ne ya ci shi. Ba ni da hujjar da zan kafa, zargin mai haɗa magunguna ne kawai. Fiye da shekara arba'in yana shaƙarsa a ɗakuna marasa taga. Da farko ciwon kai ne yake zuwa karɓar magani. Daga baya hannunsa ya fara rawa, shi da yake zare tabo daga siliki da bakin allura. Sai mantuwa ta soma shiga, ya kira ni da sunan wani abokinsa na ƙuruciya, ya farga, ya ba ni haƙuri. Na matsa masa ya je asibiti. Likitoci suka ce hanta ce, kuma ta yi nisa.

Muna da al'adar zuwa Uhudu ranar Juma'a da yamma. Ba ma shiga cikin taron maziyarta da masu rumfunan dabino da tasbaha. Can gefe muke samun dutse mu zauna, muna kallon yadda rana take rina jikin tsaunin ja. Wata Juma'a, wata biyar kafin rasuwarsa, muna zaune sai ya ce:

"Dakta, in na mutu, ka mai da ni gida."

Na zaci gidansa na unguwar Sultana yake nufi, kada a bar shi a asibiti. Na ce wannan ai ba sai ya faɗa ba.

Ya girgiza kai. "Kusa da uwata. Ta ce da ni, ubanka ya bar ni in kwanta ni kaɗai, kai kada ka yi mini haka. Na ce ba zan yi ba. Ranar da aka binne ta ina Jidda ina wanke zannuwan otal. Wannan kaɗai ya rage da zan iya yi mata."

Mu da muke zaune a wannan gari mun san abin da mutuwa a Madina take nufi. Mun ga tsofaffin da suka sayar da gonakinsu suka zo suka zauna a ɗakin haya, ba don komai ba sai don ajali ya riske su a nan. Ga mutum Allah ya kawo shi daga ƙarshen duniya ya ajiye shi a bakin ƙofar Baƙi'a, yana cewa a ɗauke shi a mayar. Na ce masa, "Malam Dauda, ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Na sani. Ban bar addinina ba, Dakta. Alkawari ne. Kai ka san takardu, ka san ofisoshi, ka iya Turanci. Rakiya ba za ta iya ba. Ka ce mini to."

Na dubi hannunsa yana rawa a kan gwiwarsa. Na ce, "To."

Ban san ko da gaske na faɗa ba, ko don ya yi shiru ne. Har yau ban sani ba. Na dai san ban tambayi ofishi ko ɗaya ba a cikin watanni biyar ɗin nan. Kullum sai in ce gobe, har wankin hula ya kai ni dare.

Da hantsi ya cika, ranar Talata. Kafin in isa asibiti har mutanenmu sun taru, likitoci da injiniyoyi da ɗaliban jami'a da tsofaffin masu gugar da suka zo daga Jidda. Kowa kalma ɗaya ce a bakinsa: ya dace, wallahi ya dace. Wani dattijo yana kuka yana cewa dubi ikon Allah, Bature ya riga mu shiga Baƙi'a. Na hangi Hajiya Rakiya a ƙarshen baranda cikin mata. Ta ɗago ido ta dube ni, na dube ta. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Allah ya ba da haƙuri, Hajiya." Ni na bi takardun, ni na sa hannu inda ake buƙatar shaida. Bayan la'asar aka sallace shi a masallacin Annabi. Ni ne na shiga ramin na karɓe shi. Bai da nauyi ko kaɗan, wannan dogon mutum.

Bayan kwana bakwai na je wurin wani malaminmu ɗan Nijeriya da yake koyarwa a jami'a, na ba shi labari ban faɗi suna ba. Ya ce in kwantar da hankalina. Gaggauta binne mamaci shi ne abin da aka sani, kuma ba a kai Musulmi a kwantar da shi a maƙabartar da ba ta Musulmi ba, ko da ya yi wasiyya da haka. Ya ƙara da cewa mai yiwuwa ciwo ne ya taɓa masa tunani. Na yi godiya na tashi. Ban musa fatawarsa ba, har gobe ba na musawa. Sai dai malamin bai ga idon mutumin ba a ranar nan ta Uhudu. Garau yake. Kuma ba abin da aka yi da gawarsa ne yake damuna ba. Abin da yake damuna shi ne ban ce masa a'a ba yana raye, lokacin da zai iya yi mini gardama, ko ya nemi wani, ko ya hau jirgi da ƙafarsa ya je ya mutu a can. Da "to" ɗina na tsare shi a nan. Alkawari kaya ne, ni kuwa na karɓa na ajiye a bakin hanya.

Tun daga lokacin nake ganinsa. Ba a mafarki ba, da rana tsaka. In na je filin jirgi tarbar baƙi, sai in hangi wani dogo mai jan gemu cikin ayarin masu zuwa umara. Sau biyu na bi mutum har bakin mota kafin ya juyo in ga ba shi ba ne. In na bi ta ƙofar kowace magasala iska ta kaɗo warin nan, sai in ji kamar wani yana tsaye a bayana yana jiran in gama abin da nake yi ya yi mini tambaya.

Shekara shida bayan rasuwarsa, da aka fara ba masu yawon buɗe ido biza, Morag ta zo. Mace ce mai kimanin shekara hamsin, malamar makaranta, da tsawon ubanta da irin tafiyarsa. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu rabonta da zama da shi, sai wasiƙu da waya jefi-jefi. Ta sauka a wani masauki kusa da filin jirgi, ta ce ba za ta matsa ciki ba, ba ta so ta taka inda ba a yarda wanda ba Musulmi ba ya taka. Na kai ta wani tudu da ake hango hasumiyoyin masallaci daga nesa. Na nuna mata da hannu na ce yana nan gabas da su. Ta tambaya ko an rubuta sunansa. Na ce a nan ba a rubuta suna, dutse ne kawai ake kafawa. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce:

"A jikin dutsen kabarin kakata akwai fili da aka bari ba rubutu. Shi ya sa aka bari. Ya taɓa yi maka maganar dawowa gida?"

Allah ya sake ba ni dama, a fili, ba kowa sai ni da ita. Na ce, "A'a. Nan ne gidansa."

Ta sauke numfashi, har ta yi ɗan murmushi. "Gara haka. Da na ji cewa ya so dawowa bai samu ba, da ban ƙara samun sukuni ba. Yanzu zan daina jiransa."

Na mai da ita masauki. Ta yi mini godiya, ta ce ta ji daɗi da mahaifinta ya samu aboki mai gaskiya irina. A hanyar komowa na tsaya a gefen titi domin ban iya ganin gabana ba.

Bara na kasa jurewa, na je gaida Hajiya Rakiya. Ta tsufa, ido ya yi rauni, tana zaune a gidan 'yar ɗan'uwanta can ta wajen Uhudu. Bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, akwai abin da na ɓoye miki shekara takwas." Na faɗa mata duka, kaina a sunkuye.

"Ya Dakta," ta ce, "kai ka zaci kai kaɗai ya gaya wa? Ni sau uku ya gaya mini. Na ukun har yana riƙe da hannuna."

Na ɗago kai.

"Ranar nan a mustashfa, can asibiti, da ka dube ni, addu'a nake yi Allah ya sa bai gaya maka ba. Da na ga ka yi shiru na ce alhamdu lillahi, bai sani ba." Ta gyara mayafinta. "Ba don Baƙi'a na yi ba, kada in yi wa Allah ƙarya. So nake ya zauna inda zan iya zuwa in tsaya a jikin katangar maƙabarta in ce ga mijina can. Uwarsa ta riƙe shi shekara talatin, ni ma ina da haƙƙi. Kai ka yi shiru don kunyar jama'a, ni na yi shiru don son kaina. Kowa ya ɗauki nasa, yalla."

Na tambaye ta ko tana nadama. Ta ce wata rana e, wata rana a'a. Ta sa aka kawo mini shayi.

To, me ya rage na Malam Dauda bayan shekara tara? Shagonsa ya tafi. Kabarinsa ni da na shiga ciki ba zan iya nuna shi ba yau, layuka sun ƙaru, duwatsun duk iri ɗaya ne. Akwai mutum huɗu ko biyar da suka koyi aiki a hannunsa, ɗaya a Jidda, ɗaya ya koma Maraɗi, kuma an ce da ni har yanzu ba sa sa tufa a inji sai sun juya ta sun duba ɗinkin ciki, kamar yadda ya saba musu. Akwai tsohuwar da take zuwa jikin katanga duk Alhamis a keken guragu. Akwai kuma mace a wani gari mai sanyi da ta samu kwanciyar hankali a kan ƙaryar da na yi mata.

Ina fata, ina kuma kyautata wa Allah zato, cewa inda yake kwance ya fi masa inda ya roƙa. Amma wannan hukunci ne da ya kamata a yi da shi, ba a bayan idonsa ba. Mutum ne da ya yi shekaru yana karɓar abin da mutane suka fi ƙauna cikin tufafinsu, ya mayar musu a ranar da ya ce. Abu ɗaya tak ya taɓa ba ni ajiya.

Na san abin da mai karatu zai ce: ka gaya mana, Morag fa? Lambar wayarta tana nan a wurina. Na rubuta mata wasiƙa sau da yawa na goge, domin ban san ko gaskiyar don ita zan faɗa ba, ko don in sauke wa kaina nauyi in ɗora mata. Ga shi yau na fayyace komai a jarida, gaban dubban mutane, cikin harshen da na tabbata ba za ta taɓa iya karantawa ba. Ba na yaudarar kaina. Wannan ma wata irin ɓuya ce.

Allah ya haskaka makwancin bawansa Dauda, ya sanyaya zuciyar waɗanda ya bari a nan da can. Ni kuma, in mun haɗu ya tambaye ni, Allah ya ba ni abin da zan ce masa.